Tsofaffin duwatsun duniya a tudu da ƙarƙashin teku: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara idan muka iso darasin duwatsu a aji, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke dawowa. Wasu daga bakin ɗalibai suke fitowa, wasu iyayensu ne suke aiko su da su, har akwai wadda wani maginin rijiya na wajen Madarunfa ya yi mini a bakin aikinsa. Na tattara su a nan, na amsa kowace bisa abin da aka auna. Duk inda na rubuta biliyan, ina nufin miliyan dubu, wato abin da muka saba kira miliyar a nan Nijar.

Wane dutse ne ya fi kowane tsufa a doron ƙasa, kuma ina yake?

Dutsen da masana suka haɗu a kan shekarunsa yana can arewacin Kanada, a bakin kogin Acasta, kimanin kilomita 300 arewa da garin Yellowknife. Shekarunsa biliyan 4 da miliyan 30 ne. Samuel Bowring da abokan aikinsa ne suka fara bayyana tsufansa a 1989, inda suka sami biliyan 3 da miliyan 960, sannan a 1999 suka auna wani sashe nasa suka sami adadin da ake riƙe da shi yau. Irin dutsen nan ne mai ratsin fari da baƙi wanda masana ke kira ginais. Asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare a cikin ƙasa, daga baya zafi da matsi suka murɗa shi har ya yi zane-zane. Dalilin da ya sa ake ganinsa a fili shi ne ƙanƙara mai kaurin gaske ta taɓa rufe wannan yanki, ta kankare duk abin da ke bisansa kafin ta narke.

To me ya sa wasu ke ambaton wani wuri daban a Kanadar?

Suna nufin Nuvvuagittuq, a gabar gabas ta mashigin Hudson, kusa da garin Inukjuak a arewacin Kebek. A 2008 Jonathan O'Neil da abokan bincikensa suka ce duwatsun wurin sun kai shekaru biliyan 4 da miliyan 280. An daɗe ana jayayya a kai, domin dutsen ba shi da ƙwayar zirkon, wani ma'adini mai tauri da aka fi dogara da shi wajen awon shekaru, sai aka yi amfani da wata hanya daban, wasu masana kuwa suka tsaya a kan cewa bai wuce biliyan 3 da miliyan 800 ba. A 2025 an sake auna wani dutse da ya kutsa cikin tsofaffin na wurin, aka sami biliyan 4 da miliyan 160 ta hanyoyi biyu da suka yi daidai da juna. Abin da ya kutsa cikin wani kuwa dole ya tarar da shi a wurin, ke nan wanda aka kutsa wa ya girme shi. A ganina hujjar ta yi ƙarfi ƙwarai yanzu, amma ɗalibin da ya rubuta Acasta a jarrabawa bai yi kuskure ba, domin shi ne wanda babu mai ja da shi.

Akwai wani abu game da wurin da nake so mu lura da shi. Ƙasar ta mutanen Inuwit ce, kuma da suka ga an farfashe wurin an kwashe manyan ɓaraguzai, sai suka dakatar da ɗibar samfur. Masu ƙasa suna da ta cewa a kan duwatsun ƙasarsu, ko da masu bincike ne suka zo.

Na karanta cewa abu mafi tsufa yana Ostiraliya. Wanne ne gaskiya?

Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba abu ɗaya suke faɗa ba. Abin da aka samu a tuddan Jack Hills na yammacin Ostiraliya ƙwayoyin zirkon ne, ƙanana ƙwarai, kowace ba ta fi ƙwayar rairayi ba. A 2001 an auna wata aka sami shekaru biliyan 4 da miliyan 404, kuma a 2014 John Valley ya tabbatar da wata mai biliyan 4 da miliyan 374 da na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Amma dutsen da ke ɗauke da su, wanda tsakuwa ce da rairayi suka haɗe, bai fi kimanin shekaru biliyan 3 ba.

Ga misalin da nake ba ɗalibai. A ce an yi katangar laka bara, sai a cikin tubalinta aka ga tsingaron tukunyar da aka gina tun zamanin kakanni. Tsingaron tsoho ne, amma ba za a ce katangar ta kai shekarunsa ba, kuma tukunyar kanta ta tafi, guntunta kawai ya rage. Haka zirkon na Jack Hills yake. Dutsen da ya haife shi ya rududduge tuntuni, shi kuwa saboda taurinsa ya tsira, ruwa ya ɗauke shi ya zuba a wani sabon wuri. Saboda haka ƙwaya mafi tsufa tana Ostiraliya, dutse sukutum mafi tsufa yana Kanada.

Afirka fa, ina matsayinta?

Ba ta yi nisa a baya ba. Bayan Kanada akwai Isua a kudu maso yammacin Girinlan, mai shekaru biliyan 3 da miliyan 700 zuwa 800, na Afirka kuma ba su da nisa da haka. A ƙasar Eswatini akwai duwatsun da suka haura biliyan 3 da miliyan 600, a maƙwabtansu kuma akwai tsaunukan Barberton na Afirka ta Kudu, masu kimanin biliyan 3 da rabi, waɗanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2018 saboda sun adana alamun rayuwa ta farko-farko. A yammacin Afirka an sami masu kusan waɗannan shekaru a Gini, wajen tsaunin Nimba, da kuma yankin Amsaga na Muritaniya.

Wanda ya fi kusa da mu, wanda kuma mutane kaɗan suka san labarinsa, yana Kaduna. A 2001 Alfred Kröner da abokan aikinsa suka wallafa awon wani ginais na garin, suka sami kimanin shekaru biliyan 3 da miliyan 570. Ɗan kasuwar Maradi da ke bi ta Jibiya da Katsina ya gangara kudu yakan ratsa bisa ɗaya daga cikin tsofaffin duwatsun nahiyar nan.

A nan Nijar, musamman jihar Maradi, shekarun duwatsunmu nawa ne?

Ya danganta da inda mutum ya tsaya. A yamma, yankin Liftako na jihar Tilaberi yana bisa duwatsu masu shekaru biliyan 2 da miliyan 100 zuwa 200, kuma a cikinsu ne zinariyar Samira take. Suna cikin mafi tsufa a ƙasar nan. A Abzin da Damagaram akwai tsohon gindi wanda daga baya wasu duwatsun giranit, wato narkakken dutse da ya daskare a cikin ƙasa, suka huda: na Abzin sun haura shekaru miliyan 400, na Damagaram da Muniyo suna wajen miliyan 300, idan aka ci gaba kudu har Jos, inda ake haƙar kuza, sai su koma ƙasa da miliyan 200 ko kewayen haka.

Jihar Maradi kuwa hawa uku ce. Na sama shi ne rairayin jigawa da lakar fadama ta Gulbin Maradi da Gulbin Kaba, wanda ake lissafa shekarunsa da dubbai, ba da miliyoyi ba. Ƙarƙashinsa akwai dutsen rairayi da yumɓu na zamanin dabbobin dainoso, ɓangare ne na babban kwarin Iwillimmedan da ya shimfiɗa har Tawa da Mali da Sakkwato, kuma yana ƙara kauri idan aka doshi arewa da yamma. Can ƙarƙashin duka sai gindin ƙasa mai tauri. Wannan gindi yana leƙowa fili a kudu, kan iyaka, a gundumar Madarunfa, wajen Ɗan Isa da Gabi da Maraka, kuma ci gaban duwatsun Katsina da Zamfara ne. Siffar da yake da ita yau ya same ta kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsohuwar ƙasar yammacin Afirka ta yi karo da ƙasashen da ke gabashinta, manyan tsaunuka suka taso daga Hogar ta Aljeriya har bakin teku. Tsaunukan sun zaizaye, saiwarsu ce muke gani.

Ina riƙe da wani guntu daga can a ajina. Idan aka jiƙa shi da ruwa sai ratsinsa ya fito, fari da toka-toka, yana lanƙwashewa kamar an murɗa wanki, da ƴan ƙwayoyi baƙaƙe masu ƙyalli a rana. Dutse ba ya lanƙwashewa haka sai a zurfin kilomitoci masu yawa, inda zafi ya sa shi laushi bai kai ga narkewa ba.

A ƙarƙashin teku, ina dutse mafi tsufa yake?

A manyan tekuna yana yammacin Fasifik, gabas da tsibiran Mariyana, kuma bai wuce kimanin shekaru miliyan 180 ba. A ƙarshen 1989 jirgin bincike mai suna JOIDES Resolution ya tsaya a wani wuri a can da ake kira kwarin Pigafetta, ya zura bututu cikin ruwa mai zurfin fiye da kilomita 5 da rabi, ya huda laka ta sama da mita 400, ya ciro baƙin dutsen bazalt mai kimanin shekaru miliyan 170. A Atlantika mafi tsufa yana gefe biyu, ɗaya daura da gabar gabashin Amurka, ɗaya daura da Maroko da Muritaniya, kuma shi ma yana wajen miliyan 180 ko ɗan sama da haka. Na mashigin Gini, daura da Kwatano da Legas, bai fi miliyan 100 da ƴan kai ba.

A dubi tazarar da kyau. Dutsen Acasta ya ninka na Fasifik fiye da sau 20. Guntun da ke ajina ma, na kudancin Maradi, ya ninka shi sau uku. Ƙasusuwan dainoso na Gadufawa, irin wanda ke tsaye a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, suna da kimanin shekaru miliyan 110, amma duk da haka sun girmi mafi yawan ƙasan teku na duniya, wanda matsakaicin shekarunsa miliyan 60 ne da ɗoriya.

Me ya sa ƙasan teku yake yaro haka, alhali tudu ya tsufa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duka muhimmanci, kuma wanda ya fahimci amsarta ya fahimci sauran.

Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Ya yi kama da ƙwaryar da ta tsattsage ta zama sakaina manya-manya, kowace tana motsi a hankali bisa dutse mai zafi da ke ƙarƙashinta. A tsakiyar tekuna akwai jerin tsaunuka mai tsawon kimanin kilomita 65,000 da ya zagaye duniya, kuma a nan ne sakainu biyu suke rabuwa. Duk lokacin da suka ja da baya, narkakken dutse yakan taso ya cike tsagar, ruwa ya sanyaya shi, ya zama sabon ƙasan teku. A Atlantika rabuwar santimita 2 zuwa 5 ce a shekara, a gabashin Fasifik takan kai 15. Ke nan daga ranar sunan mutum zuwa ya cika shekara 70, tazarar da ke tsakanin Dakar da Amurka takan ƙaru da kwatankwacin tsayinsa. Harry Hess ne ya shimfiɗa wannan bayani a 1962, bayan Marie Tharp da Bruce Heezen sun zana taswirar da ta nuna tsagar da ke tsakiyar Atlantika.

To amma duniya ba ta kumbura. Idan ana ƙara sabo a wani wuri, dole ana rage tsoho a wani. Sabon dutsen yana da zafi, shi ya sa yake tsaye a sama, kimanin kilomita 2 da rabi ƙarƙashin ruwa. Yayin da yake nisa da inda aka haife shi yana hucewa, yana ƙara nauyi, yana lotsawa, har ya kai zurfin kilomita 5 zuwa 6. Daga ƙarshe yakan fi abin da ke ɗauke da shi nauyi, sai ya sunkuya ya shige ƙarƙashin sakainar da ke gabansa ya koma cikin duniya. Inda yake shigewa nan ne ramuka masu zurfi suke, kamar ramin Mariyana mai kusan kilomita 11, kuma nan ne girgizar ƙasa da aman wuta suka yi yawa, kamar Japan da Indunusiya da Cile. Dutsen nan na yammacin Fasifik da muka ce ya fi tsufa yana gabas da ramin, shi ma can ya dosa.

Tudu kuwa ba ya nutsewa, domin ba shi da nauyin. Ɓawon teku siriri ne, kilomita 6 zuwa 7, amma na bazalt ne mai nauyi. Ɓawon tudu ya kai kaurin kilomita 35 zuwa 40, amma yawancinsa dangin giranit ne, wanda ya fi sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin goma. Duk wanda ya ga ana kaɗa nono ya san yadda man shanu yake taruwa a sama, a juya ƙwaryar yadda aka ga dama, ba zai koma ƙasa ba. Haka nahiyoyi suke. Suna karo da juna, suna tsagewa, ruwa da iska suna cin bayansu, amma ba sa komawa ciki, shi ya sa tsofaffin abubuwa suke samun mafaka a cikinsu.

Sai dai a lura, iyakar nan ta miliyan 180 dalili biyu gare ta. A Fasifik an yi wanda ya fi haka tsufa, amma ya riga ya nutse. A Atlantika kuwa babu ramin nutsewa a gabar Afirka, kawai dai tekun ne babu shi kafin wannan lokaci, domin Afirka da Amurka a haɗe suke. Kwarin Binuwai ma tsaga ce ta wancan rabuwa, wadda ta fara buɗewa ta tsaya.

Ke nan teku kansa sabon abu ne a duniya?

A'a. Shimfiɗar ce ake sabuntawa, ruwan tsoho ne. A Isua akwai bazalt mai siffar matasan kai jibge bisa juna, siffar da narkakken dutse ba ya ɗauka sai ya fito a cikin ruwa, kuma shekarunsa sun doshi biliyan 3 da miliyan 800. Sinadaran da ke cikin zirkon na Jack Hills ma suna nuna cewa akwai ruwa a doron ƙasa tun kafin shekaru biliyan 4.

An ce akwai ƙasan teku mai shekaru miliyan 340 a Bahar Rum. Gaskiya ne?

Magana ce mai tushe, amma ba a matsayi ɗaya take da ta Fasifik ba. A 2016 wani masani mai suna Roi Granot ya wallafa binciken da ya yi a kwarin Herodotus, tsakanin Masar da Kubrus da tsibirin Kirit, inda ya ja na'urar awon maganaɗisu a bayan jirgi. Daga siffar ratsin da ya gani ya ƙiyasta shekaru kimanin miliyan 340, ya ce saura ne na wani tsohon teku da Afirka ta matse da Turai har ya kusa rufewa. Dutsen yana binne ƙarƙashin laka ta fiye da kilomita 10, babu bututun da ya taɓa kai gare shi. Na Fasifik an riƙe shi a hannu an auna, na Bahar Rum daga nesa aka karanta shi. Wanda zai rubuta amsa ta gaskiya sai ya faɗi biyun tare da wannan bambanci.

A Adar ana tsintar ƙwanson dabbobin ruwa a cikin dutse. Ba ƙasan teku ba ne wannan?

Teku ya kwanta a wurin, amma ba ɓawon teku ba ne. Tsakanin shekaru miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, ruwan teku marar zurfi ya sha malalowa bisa nahiyar, ya ratsa inda Sahara take a yau. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza, da ta Kalambaina a Sakkwato, daga ƙwanson halittun wannan ruwa ta taru, kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Idan aka huda ta aka ci gaba, gindin nahiya za a tarar. Kamar ambaliya ce da ta kwanta a gona ta janye, gonar ba ta zama gulbi ba.

Ana samun tsohon ƙasan teku a tudu, ko tsohon tudu a cikin teku?

Ana samun duka biyun. Wani lokaci idan nahiyoyi suka matse teku, wani yanki na ƙasansa yakan kuɓuce wa nutsewa ya hau bisa tudu. Mafi girma kuma mafi kyan gani yana tsaunukan Oman, mai kimanin shekaru miliyan 96. Akwai na Bu Azzar a Maroko da ya haura miliyan 650, akwai kuma na Jormua a Finlan mai kusan biliyan 2. Ashe ke nan ƙasan teku mafi tsufa ma a tudu ake samunsa. A ɗaya gefen, tsibirin Moris na tekun Indiya bai kai shekaru miliyan 10 ba, amma an sami zirkon mai kusan biliyan 3 a cikin duwatsunsa, alamar cewa akwai guntun nahiya binne a ƙarƙashinsa.

Ta yaya ake sanin shekarun dutse, tunda babu wanda ya ga haihuwarsa?

Da yuraniyam, wannan dai da ake haƙa a Arlit. Ƙwayar zarrarsa ba ta da zama, a hankali takan rikiɗa ta koma dalma, kuma saurin rikiɗar ba ya canzawa da zafi ko sanyi ko matsi. A ɗauki tiya ɗaya ta farin gero, a ce duk shekara rabin fararen da suka rage suna komawa baƙaƙe. Bayan shekara ɗaya rabi ne fari, bayan biyu kashi ɗaya cikin huɗu, bayan uku ɗaya cikin takwas. Wanda ya zo daga baya ya ƙirga fari da baƙi zai faɗi shekarun tiyar ba tare da ya ga ranar da aka auno ta ba, muddin dai babu baƙi a ciki tun farko, kuma ba a zubar da kome ba.

Zirkon ya cika waɗannan sharuɗɗa biyu. Lokacin da yake ƙulluwa cikin narkakken dutse yakan karɓi yuraniyam ya ƙi dalma, sannan ya rufe gam. Ƙari a kan haka yuraniyam iri biyu ne a cikinsa: ɗaya rabinsa yana rikiɗa a shekaru biliyan 4 da miliyan 470, ɗayan a miliyan 704, kowane kuma da irin dalmar da yake haifarwa. Shaidu biyu ke nan da ba su haɗa baki ba. Idan maganarsu ta zo ɗaya a karɓa, idan ta saɓa an san wani abu ya taɓa ƙwayar. Awon kabon da mutane suka fi ji ba ya aiki a nan, domin na abin da ya taɓa rayuwa ne, kuma ba ya wuce kimanin shekaru 50,000.

Ƙasan teku kuma yana da tasa hanyar. Maganaɗisun duniya yakan juya, arewa ta koma kudu, kuma juyin ƙarshe ya faru kimanin shekaru 780,000 da suka wuce. Bazalt idan yana hucewa yakan riƙe alƙiblar maganaɗisun lokacinsa, saboda haka ƙasan teku ya yi ratsi-ratsi kamar gwado, ratsin gabas da tsagar daidai da na yamma. Fred Vine da Drummond Matthews suka fassara wannan a 1963, kuma a 1968 jirgin Glomar Challenger ya huda kudancin Atlantika ya tabbatar cewa shekaru suna ƙaruwa gwargwadon nisa daga tsagar.

Idan dutse mafi tsufa bai kai biliyan 4 da rabi ba, daga ina aka san shekarun duniya?

Daga duwatsun da ke faɗowa daga sama, waɗanda aka yi su lokaci ɗaya da duniya amma ba su shiga niƙan da nata suka shiga ba. Clair Patterson ya auna dalmarsu a 1956 ya sami biliyan 4 da miliyan 550, adadin da aka gyara kaɗan zuwa biliyan 4 da miliyan 540. Sahararmu tana cikin wuraren da aka fi tsintarsu: wanda aka samu a Erg Shesh ta Aljeriya a 2020 ya kai biliyan 4 da miliyan 565. Amma ba duk abin da ya faɗo ne tsoho haka ba. Dutse mai kilo 18 da ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962 daga duniyar Mas ya fito, kuma shekarunsa kimanin miliyan 180 ne, sa'an ƙasan Fasifik. Wani na Mas mai kusan kilo 25, da aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamban 2023, an sayar da shi a birnin Niyok a Yulin 2025 a kan fiye da dala miliyan 5, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar. Abin da manoma ke tsinta suna kira gatarin aradu kuwa ba daga sama yake ba, makami ne na dutse da mutanen da suka wasa da hannunsu.

Irin wannan bincike bai saɓa wa imani ba?

Fatawa ta malamai ce. Abin da zan tunatar kawai shi ne aya ta 20 ta Suratul Ankabut ta yi umarni a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda aka fara halitta, kuma magabata sun duba. Kimanin shekara 1,000 da suka wuce Albiruni ya lura da yadda tsakuwar kogunan Indiya take ƙanƙancewa daga tsauni zuwa teku, ya ce filin ƙasar Indiya da can teku ne wanda koguna suka cike, Ibn Sina kuma ya yi rubutu a kan yadda tsaunuka suke samuwa.

Waɗannan alƙaluma sun fi ƙarfin tunani. Akwai yadda za a kusanto da su?

A ƙaddara rijiya mai zurfin mita 45 da ɗan ƙari, bakinta shi ne yau, gindinta farkon duniya, kowace mita ɗaya shekaru miliyan 100. Idan aka zura guga, duk zaman ɗan Adam irinmu, kimanin shekaru 300,000, bai wuce milimita 3 daga baki ba. Farar ƙasar Malbaza tana santimita 60, dainoson Gadufawa mita ɗaya da ɗan kai. Kafin igiya ta cika mita 2 an wuce dukan ƙasan manyan tekuna. Duwatsun Ɗan Isa suna mita 6, na Liftako mita 21, na Kaduna kusan 36, Acasta mita 40, zirkon na Ostiraliya mita 44, saura kusan mita ɗaya da rabi guga ya taɓa ƙasa.

Me ya sa a kudancin Madarunfa ake cin karo da dutse da wuri, ruwa kuma ya yi wuya?

Wannan ita ce tambayar maginin rijiyar nan. Na same shi ya fito daga rami, hannunsa duk ƙura, ya miƙo mini wani guntu mai ƙyalli ya ce, “Malam, a gulbi ina haƙa kamar tuwo, nan kuwa diga tana tartsatsin wuta. Mene ne bambancin?” Na ce masa, “Baba, ka iso gindin ƙasa ne.”

Rairayin gulbi da dutsen rairayin da ke ƙarƙashinsa suna da ƙofofi tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ruwa yana shiga ya zauna ko'ina a cikinsu. Tsohon gindin kuwa an gasa shi an matse shi tun shekaru miliyan 600, babu sauran ƙofa a jikinsa. Ruwa ba ya zama sai a wuri biyu: a saman dutsen inda ya ruɓe ya zama garin tsakuwa, da kuma cikin tsagogin da suka ratsa shi. Shi ya sa rijiya biyu za su kasance kusa da juna, ɗaya ta ba da ruwa ɗaya ta bushe, kuma shi ya sa kafin a kafa injin burtsatse a irin wannan yanki ya kamata masu awo su fara bin ƙasar da na'urar lantarki su gano inda tsagar ta bi. Waɗannan tsagogi ne kuma ruwan zafi ya bi tun da can ya bar jijiyoyin farin dutse a cikinsu, waɗanda masu neman zinariya suke bi a wajen Ɗan Isa.